Wa ke biyan mai zane? Tarihin katun daga New York zuwa garin Tawa na Nijar

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin a shekarun 1980 da farkon 1990, ko ya tashi a maƙwabtan irin wannan gida, ya san zaman jiran ƙarfe huɗu na yamma. Tasha ba ta buɗe ba tukuna, allon na nuna layukan nan masu launi, mu kuwa mun riga mun jeru a kan tabarma, ƙanana a gaba, waɗanda ba su samu shiga ba sun maƙale a taga. Ana gama taken ƙasa sai katun. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Voltron, na zakunan ƙarfe biyar da ke haɗuwa su zama ƙaton jarumi guda. Wurin haɗuwar nan mun haddace shi tsaf, mun san zakin da zai zama hannun dama da wanda zai zama ƙafa, domin kullum haka yake zuwa, ko ɗigo ba ya canzawa. Sai da na girma na gane sau ɗaya aka zana shi, ake dawo mana da shi kowace rana. Na kuma lura da abin da idon yaro ba ya kamawa: idan jarumin yana magana, baki ne kaɗai ke motsi, sauran jikin a sandare yake.

Wannan baki mai motsi shi kaɗai shi ne bakin zaren tarihin nan. Mutane kan ɗauka cewa salon zanen kowace ƙasa daga ɗabi'ar mutanenta ya fito, wai Japanawa na son manyan idanu, Amurkawa na son masu ƙarfi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma idan ka bi diddigi za ka tarar abubuwa uku ne suka fi ƙera salon: wanda ke biyan mai zane, hanyar da zanen ke bi ya kai hannun yaro, da dokar da ta tsaya a tsakani.

Jera hotuna a cikin akwatuna don su ba da labari, a yadda muka san shi yau, galibi ana danganta shi da wani malamin makaranta a birnin Geneva mai suna Rodolphe Töpffer. Ciwon ido ya hana shi zama mai zane irin mahaifinsa, sai ya koma yin labaran zane na raha ga ɗalibansa da abokansa, aka buga su a shekarun 1830. Amma abin bai zama sana'a mai kawo kuɗi ba sai da jaridun New York suka shiga kokawar neman masu saye. Joseph Pulitzer da William Randolph Hearst kowanne na da jarida, garin kuma cike yake da baƙi 'yan ci-rani waɗanda Turancinsu bai nuna ba. Wanda bai iya karanta sharhin edita ba zai iya bin hoto ya yi dariya. A 1895 jaridar Pulitzer ta fara buga zanen wani yaro mai ƙwaryar molo da doguwar riga ruwan ɗorawa, ya karɓu sosai, shekara na zagayowa Hearst ya janye mai zanen da albashi mai tsoka. Daga nan aka samu kamfanonin da ke sayar da zane guda ga ɗaruruwan jaridu lokaci ɗaya. Zanen da zai shiga gidan kowa, daga limami zuwa ɗan kasuwa, dole ya zama gajere, mara ɓata ran kowa, akwatuna uku ko huɗu a ƙare da dariya.

Mujallar zane mai zaman kanta ta zo a shekarun 1930, ana sayar da ita santi goma. A watan Yunin 1938 Superman ya fito, aikin wasu samari biyu daga Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da haƙƙin mallakarsa gaba ɗaya a kan dala 130. Wannan ciniki shi ne tsarin Amurka a dunƙule: jarumin dukiyar kamfani ne, mai zane ɗan ƙwadago. Shi ya sa jarumin Amurka ba ya tsufa, idan ma ya mutu sai a dawo da shi, domin ba mai yanka saniyar da yake tatsa. Mai zane ya gaji ko ya rasu, a kawo wani ya ɗora.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙarshen shekarun 1940 mujallun Amurka ba na masu tashi sama kaɗai ba ne. Akwai na soyayya, na 'yan fashi, na yaƙi, na ban tsoro, manya ma na saye. Sai a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora wa mujallun alhakin lalacewar tarbiyyar yara, Majalisar Dattawa ta zauna a kai a shekarar. Don gudun kada gwamnati ta kafa musu doka, masu buga mujallun suka kafa hukumar tace kansu da kansu, da hatimin da ake mannawa a bango. Mujallar da ba ta da hatimi, dillalai ba sa ɗauka. Ƙa'idojin sun ce dole nagari ya yi nasara a kowane labari, kada a nuna ɗan sanda ko alƙali ta fuskar da za ta zubar da ƙimarsa, har wasu kalmomi aka hana sa wa a sunan mujalla. Kamfanoni da dama suka rufe. Abin da ya tsira shi ne labaran dabbobi masu ban dariya da jarumai masu alkyabba, kuma su duniya ta sani har yau a matsayin zanen Amurka. Ni ban ɗauki damuwar iyayen wancan lokaci da wasa ba, domin wasu bangwayen da gaske ba su dace da idon yaro ba, kuma duk uba ya san wannan fargaba. Amma maimakon a ware na yara da na manya, sai aka mai da kowa yaro na tsawon shekaru. A 2012 wata mai bincike da ta duba takardun likitan ta nuna cewa ya sassauya maganganun yaran da ya kafa hujja da su.

A Faransa da Beljiyam hanya daban aka bi. Tintin ya fara fitowa a watan Janairun 1929 a shafin yara na wata jaridar 'yan Katolika a Brussels. Labari kan fito kaɗan-kaɗan duk mako, idan ya kammala a haɗa shi ya zama littafi mai faɗi, mai bango mai tauri da launi, irin wanda uba zai saya wa ɗansa a ajiye a kanta. A watan Yulin 1949 Faransa ta kafa dokar sa ido a kan duk abin da ake bugawa don yara, 'yan coci da 'yan gurguzu suka haɗu a kanta duk da ba sa ga maciji, kuma a aikace ta rage wa mujallun Amurka kasuwa, ta bar wa 'yan gida fili. Mai zane a can yakan kwashe shekara a kan littafi guda mai shafi arba'in da wani abu, sunansa na bisa bango, shi ya sa za ka ga an zana kowace mota da kowane gini kamar za a gina su. Da Hergé, mai Tintin, ya rasu a 1983, labarin ya tsaya nan, domin bai so wani ya ci gaba da shi ba. A 1974 aka fara taron shekara-shekara na masu wannan sana'a a garin Angoulême, Faransawa kuma na lissafa ta cikin manyan fasahohi.

Sai dai ɗan Afirka ba zai wuce Tintin bai tsaya a littafinsa na Kwango ba, wanda aka yi a 1930 zuwa 1931. An zana baƙar fata da manyan leɓɓa, masu tunanin yara, suna rusuna wa Bature har da karensa. A bugun farko Tintin na koya wa yaran Kwango cewa ƙasarsu ita ce Beljiyam; da aka sake zanawa a 1946 sai aka mai da darasin na lissafi, amma fuskokin suna nan yadda suke. Wani ɗan Kwango ya kai ƙara a Beljiyam yana neman a janye littafin, kotu ta ƙi a 2012. Wannan littafi ya koya wa miliyoyin yaran Turai abin da za su ɗauki Afirka tun kafin su ga ɗan Afirka ido da ido, kuma shi ne amsata ga duk mai cewa zane ai wasan yara ne.

Japan ce ta fi cancantar a zauna a kanta, domin talauci ne ya haifi abin da yau ya mamaye duniya. Bayan yaƙin da ya ƙare a 1945 birane sun zama toka, takarda ta yi wuya. Akwai mutanen da ke yawo da keke, da akwatin katako a baya, su tsaya a lungu su tara yara, su sayar musu da alewa, sannan su riƙa zare hotuna ɗaya bayan ɗaya suna ba da labari da baki. Wanda ya sayi alewa shi ke tsayawa a gaba. Labarin kan tsaya daidai inda ya fi daɗi, don gobe a sake sayen alewa. Akwai kuma shagunan hayar littattafan zane, ka ba da 'yan canji ka karanta ka dawo da shi. Duk wanda ya san shagunan hayar littattafan soyayya a Kano da Zariya da Gusau ya san wannan tsari, ba sai an yi masa bayani ba. Cikin wannan yanayi ne wani ɗalibin likitanci daga yankin Osaka, Osamu Tezuka, ya fitar da littafi a 1947 wanda shafukansa ke gudana kamar fim: mota ta taho daga nesa, ta matso, ta cika akwatin, shafi bayan shafi kusan babu magana.

A 1959 aka fara mujallun mako-mako na yara maza. Takardarsu mafi araha ce, baƙi da fari, kaurinsu ya kai shafi ɗari huɗu ko fiye, da labarai kusan ashirin a ciki, a karanta a jirgin ƙasa a yar. Fitacciyar cikinsu, Shonen Jump, wadda aka kafa a 1968, takan sa katin jin ra'ayi a ciki, masu karatu su zaɓi labaran da suka fi so, wanda ya daɗe a ƙasan jeri a yanke shi ba sani ba sabo. A tsakiyar shekarun 1990 ta kai kwafi miliyan 6 da rabi a mako guda. Labarin da ya tsira a tattara shi ƙananan littattafai, nan ne mai zane ke samun kaso, domin haƙƙin mallaka na hannunsa. Saboda labarin na mutum guda ne, yana da farko yana da ƙarshe, jarumi kan girma, ya yi aure, abokinsa ya mutu kuma ba ya dawowa. Saboda takardar ba tsada, ba a jin ƙyashin kashe shafi goma a kan bugun ƙwallo ɗaya ko hawaye ɗaya. Kasuwar ta rabu gida-gida: na samari, na 'yan mata, na ma'aikatan ofis, na matan aure, har da labaran girki da kamun kifi da aikin asibiti.

Yanzu mu koma kan baki mai motsi. Fim na tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu katun na silima kan yi zane 12 a daƙiƙa, wani lokaci 24 cif. Ka lissafa da kanka: minti bakwai a zane 12 ya haura zane dubu biyar, kowanne da hannu, a kwafe shi a kan leda mai haske, a shafa masa fenti, a ɗora a kan hoton bango a ɗauka. Haka aka yi Tom da Jerry tun 1940, don silima, da kuɗin babban kamfanin fim, shi ya sa har gobe idan kyanwar nan ta faɗo kana jin nauyinta, gashin bakinta ma motsi yake. Kafin su, wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta kwashe shekara uku da almakashi tana yanka baƙin kwali, ta fitar da dogon fim a 1926 daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, kuma shi ne dogon katun mafi tsufa da ya rage a duniya. Aiki ne na haƙuri wanda ba ya son gaggawa.

Talabijin kuwa gaggawa ce zalla. Tana son rabin awa duk mako, a kan kuɗin da bai kai na minti bakwai ɗin silima ba. Da kamfanin MGM ya rufe sashen katun a 1957, William Hanna da Joseph Barbera, masu Tom da Jerry, suka buɗe nasu kamfani suka koyi tsimi. Idan ka lura da dabbobinsu na talabijin za ka ga kusan kowanne da kwala ko laktaye a wuya, ko da babu riga. Dabara ce: kwalar ta raba kai da gangar jiki, sai a zana jiki sau ɗaya a ajiye, a riƙa canza kai kawai. Idan ana gudu kuma, taga guda da kujera guda ne ke ta wucewa a baya.

Tezuka ya kai tsimin inda ba a taɓa kai shi ba. Ranar 1 ga Janairun 1963 ya fara nuna labarin wani yaron ƙarfe, wanda Turawa suka sani da Astro Boy, rabin awa duk mako, abin da manyan kamfanonin Japan suka ce ba zai yiwu ba. Ya karɓi farashin da bai kai kuɗin aikin ba, da lissafin zai cike gurbin daga kayan wasa da hotunan mannawa da sayarwa ƙasashen waje. Don ya cim ma mako, ya rage zane zuwa takwas a daƙiƙa ko ƙasa da haka. Baki ya zama zane uku: a rufe, a ɗan buɗe, a wangale. A zana hoto ɗaya mai faɗi a ja kyamara a kansa, ido ya ɗauka motsi ne. A tsaya a kan fuska a bar kiɗa da murya su yi aikin. Sannan ya kafa rumbun ajiya, inda ake adana tashin jarumi da gudunsa da saukarsa don a sake amfani da su. Haɗuwar zakunan da muka haddace jikar wannan rumbu ce. Astro Boy ya yi kashi 193 cikin shekara huɗu.

Abin mamakin shi ne yadda rashi ya rikiɗe ya zama ado. Tun da ba za a iya burge mai kallo da motsi ba, sai aka koma burge shi da labari mai nauyi, da kusurwar kyamara, da shiru, da ido mai ɗauke da magana. Waɗanda suka biyo baya sun ƙware a kan wannan har ya zama ko suna da kuɗi haka suke so. Amma an biya farashi, kuma masu zanen ne suka biya. Tashoshi sun saba da araha, ba su ƙara yarda su biya da daraja ba. Kamfanin Tezuka kansa ya karye a 1973. Da ya rasu a 1989, Hayao Miyazaki, fitaccen mai shirya katun na Japan, ya fito fili ya ce farashin da ya karɓa ya cuci sana'ar. Har yau sabon mai zane a Tokyo, wanda ke cike motsin da ke tsakanin manyan zanuka, ana biyansa ne a kan kowace takarda, kuɗin da da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, alhali abin da hannunsa ya zana na tara biliyoyi. Duk lokacin da na ga yara na kallon waɗannan fina-finai a waya, wannan matashin nakan tuna.

Araha ce kuma ta fitar da su duniya. Tashar da ke neman cike awannin yara ta tarar na Japan ya fi sauƙin saye. Faransa ta fara nuna Grendizer a 1978 da sunan Goldorak, yara suka rikice a kansa. An juya shi zuwa Larabci a Labanon, da Larabcin littafi, ya zama abin da tsara guda ta Larabawa ta tashi da shi. Labarin ɗan ƙwallon nan Tsubasa ya zama Kyaftin Majid. Da tashar Spacetoon ta zo a 2000, kuma setalayit ya shiga gidaje, yaran Hausawa a Sudan da Chadi da Saudiyya, har da na Kano da Maiduguri, suka riƙa tsintar Larabci daga bakin jaruman da aka zana a Japan. Shi kansa Voltron asalinsa na Japan ne. Wani kamfanin Amurka ya saya, ya yanke jini da mutuwa, ya sake rubuta maganganun, ya fitar a 1984, sannan ya iso tabarmarmu.

Amurka a shekarun 1980 ta juya tsarin kai a ƙasa. Gwamnatin Reagan ta sassauta ƙa'idojin shirye-shiryen yara, sai kamfanonin kayan wasa suka zama iyayen gida: a fara ƙera ɗan tsanan roba, sannan a nemo masa labari. He-Man na 1983 haka ya zo, kashi 65 a zubin farko, wato kwana biyar a mako har mako goma sha uku. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka duk sabon jarumin da ya shigo labari, ka duba kanti za ka gan shi a kwali. Aikin hannun katun da dama kuma aka tura shi Koriya ta Kudu da Taiwan da Filifin inda ƙwadago ke da sauƙi. Katun da yawa da ake kira na Amurka a birnin Seoul aka zana su.

Inda gwamnati ce mai biya, abin ya sake kama. Tarayyar Sobiyet ta kafa babban ɗakin katun a Mosko a 1936. Ba talla, ba kayan wasan da za a sayar, ba mai cewa a kawo ranar Juma'a. Shahararren labarinsu na kyarkeci da zomo kashi 16 kacal aka yi daga 1969 zuwa 1986. Ka ajiye wannan kusa da 193 na Tezuka, ka ga bambancin mai albashi da mai bin mako. Sun yi ayyuka masu taushi da zurfi, da 'yan tsana da yankakken kwali da fenti, amma kowane labari sai ya bi ta teburin jami'i, kuma da gwamnatin ta rushe a 1991 sana'ar ta bi ta ƙasa. Sin ta kafa nata a Shanghai a 1957, inda aka sa zanen tawada na gargajiya ya yi motsi. A 2006 ta hana tashoshinta nuna katun na waje daga ƙarfe biyar zuwa takwas na yamma, ta zuba kuɗi a na gida, aka yi tarkace da yawa kafin a gwanance. A 2025 wani fim ɗin katun nasu, kashi na biyu na Ne Zha, ya tara sama da dala biliyan 2.

Akwai kuma waɗanda kishi ya tayar. A 1967 wani ma'aikacin jarida a Indiya, Anant Pai, ya ga gasar kacici-kacici a talabijin inda yara suka amsa tambayoyi a kan tatsuniyoyin Girka amma suka kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama, babban jarumin labaran addinin Hindu, abin ya dame shi har ya kafa jerin mujallun zane na tarihi da labaran Indiya. A Masar an fara Bakkar a 1998, yaro ɗan Nuba, ana nuna shi da azumi. A Malesiya, Upin da Ipin sun fara a 2007 don koya wa yara azumin Ramadan, tagwaye marayu a ƙauye tare da kakarsu da yayarsu, suka ƙetare har Indunusiya. Malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai, wannan sananne ne, amma waɗannan ƙasashen Musulmi sun duba sun ga yaro zai kalla ko ta halin ƙaƙa, suka zaɓi su ba shi wanda ya san sahur da tarawihi.

Mu fa? Zanen jarida ya daɗe a Najeriya. Akinola Lasekan ya yi ta caccakar mulkin mallaka da alƙalaminsa a jaridar Azikiwe tun shekarun 1940. Wale Adenuga ya fara mujallar barkwanci a Legas a 1976, ta karɓu, amma da tattalin arziki ya taɓarɓare takarda ta yi tsada, ya koma fim da talabijin. Lissafin da ke kashe katun na gida ba ɓoyayye ba ne. Tsohon katun na waje ya riga ya mai da kuɗinsa a ƙasarsu, don haka ana ba tasharmu shi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Na gida kuwa sai an biya masu zane wata da watanni, ga wuta, ga kwamfuta, sannan sau da yawa tasha ta ce mai shirin ne zai sayi fili. Waɗanda suka jure, irin su Adamu Waziri da ya fara Bino da Fino a Abuja a 2010, sun dogara sosai da intanet da iyaye 'yan Afirka mazauna waje. Iwájú na 2024, labarin Legas ta gobe, da kuɗin Disney aka yi shi. Sauran kuma ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, shi ya sa jigon bai cika wuce wanke hannu da rigakafi da ƙirga ɗaya zuwa goma ba. Suna da amfani, ban raina su ba, amma ban taɓa ganin yaro ya rataye a taga dominsu ba.

Kuma ba masu saye muka rasa ba. Al'ummar da ta raya littattafan soyayya da kuɗin cefane, ta raya Kannywood da kaset, ta raya masu fassarar fina-finan Indiya da 'yan canjin tura fim a waya, ta nuna tana biya idan abin nata ne. Gizo da Ƙoƙi na nan, Bayajida na nan, Sarauniya Amina na nan. Yanzu samari na haɗa katun na Hausa a waya da manhajar da aka ƙera wa wasu, da gidaje da tufafin da ba namu ba, bakin kaɗai ke motsi, kuma dubban mutane na kallo suna dariya. Inda Tezuka ya tsaya a 1963 ke nan, sai dai shi yana da tashar da ke jiransa duk mako da kamfanin alewa da ke biyan talla.

Wanda nake so mai karatu ya sani, idan bai sani ba, shi ne Moustapha Alassane na Nijar. An haife shi a 1942, bakanike ne tun farko, mai son zane da wasan inuwa a bango. Ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fina-finai, a Yamai, daga nan ya tafi Kanada ya koyi aiki wurin gwanin katun Norman McLaren. A 1965 ya fitar da katun ɗinsa, a 1966 ya yi wani na 'yan mintuna a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabta: jirgi, faretin soja, taken ƙasa, jerin gwanon motoci, duk kwaɗi, da layukan zane 'yan kaɗan. Shekara uku ke nan kacal bayan Astro Boy. Ya riƙe sashen silima a Jami'ar Yamai na tsawon shekaru, daga baya ya zauna a Tawa, ya buɗe masauki, ya mai da wasu ɗakunan wurin aiki, yana ɗinka 'yan tsanansa da hannunsa yana gyara na'urorinsa da kansa. Ba tashar da ta ce masa kawo mana duk mako, ba mujallar da ke jira. Ya rasu a watan Maris na 2015, a 2017 kuma babban gidan adana fasahar zamani na New York ya shirya nunin fina-finansa.

Cikin ayyukansa akwai wanda ya sa wa suna Kokoa, kokawa ke nan, inda 'yan tsanan kwaɗi da hawainiya ke kamawa a fili. A intanet na fara ganinsa, ina da iyali. Na kira yarana na miƙa musu wayar ban ce komai ba. Hoton ya tsufa, motsin na tafiya da ɗingishi, na ɗauka minti ɗaya za su yi su dawo mini da ita. Sai ƙaramin ya ce, "Baba, ai filin kokawa ne, ga 'yan kallo can," suka matso suka haɗa kai a kan allon, babbar tana cewa kwaɗon nan zai sha ƙasa, ƙaninta yana cewa a'a, ta jira ta gani.